Ƙaramar Bindigar James Bond da Mazajen da Suka Riƙe Ta

Tun zamanin da, masu ba da labarin mazaje ba su cika ambaton jarumi su bar makaminsa a baya ba, domin wanda ya karanta tarihin yaƙoƙin farkon Musulunci ya san sunan Zulfiƙari kamar yadda ya san sunan Sayyidina Ali, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda kuma ya je Daura neman labarin Bayajidda ba za a sallame shi ba sai an yi masa zancen takobin da aka sare kan macijiyar Kusugu da shi. Wannan ɗabi'a kuwa ba ta tsaya ga mutanen tarihi ba, har ƙagaggun labarai ta shiga, kuma a cikin dukan abin da Turawa suka ƙaga a ƙarnin da ya wuce, babu jarumin da sunansa ya sarƙe da sunan makaminsa kamar James Bond, wato ɗan leƙen asirin nan na gwamnatin Ingila mai lamba 007, wanda aka ce hukuma ta ba shi izinin kisa. Masoya finafinansa suna da mas'ala biyu da ba su gajiya da muhawara a kansu: ɗaya ita ce wace bindiga ta fi dacewa da shi, ɗayar kuwa wane ne ya fi iya fitowa a matsayinsa cikin 'yan wasa shida da suka gaji juna daga 1962 zuwa 2021. Ni a ganina mas'alar guda ce aka raba ta biyu, domin da yake bindigar ba ta cika sauyawa ba alhali hannuwan da ke riƙe da ita suna ta sauyawa, sai ta zama mizanin da ake auna kowane ɗayansu da shi.

Asalin labarin daga alƙalamin Ian Fleming ya fito, Baturen Ingila wanda ya yi aiki a sashen asiri na sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'an nan bayan yaƙi ya gina gida a tsibirin Jamaika ya riƙa zuwa can yana rubutu. Littafinsa na farko, Casino Royale, ya fito a 1953, kuma a cikinsa da littattafai huɗu da suka biyo bayansa, bindigar da ya rataya wa jaruminsa ita ce Beretta, ƙirar Italiya, 'yar mitsitsiya mai cin harsashi na milimita 6.35, wadda aka cire wa marfin ƙota don ta ƙara siranta, ana sanya ta cikin kube na tattausar fata a ƙarƙashin hammata. Fleming ya san kantoci da otal-otal da teburin caca ciki da waje, amma iliminsa na bindiga bai taka kara ya karya ba, kuma da ba don wata wasiƙa da ta iske shi a 1956 ba, la'alla da haka aka tafi har ƙarshe.

Mai wasiƙar shi ne Geoffrey Boothroyd, mazaunin birnin Gilasgo, mutumin da ya ƙware a sanin bindigogi, kuma ya rubuto ne cikin ladabi yana cewa yana ƙaunar littattafan, sai dai abu ɗaya ke damunsa, wato wannan Beretta ba ta dace da namijin da ke fuskantar mutuwa kullum ba, don irinta mata ke ajiyewa a jakar hannu, harsashinta ba ya da ƙarfin da zai tsai da abokin gaba nan take, kuben fatar kuma yana iya riƙe ta daidai lokacin da ake bukatar zaro ta da gaggawa. Shawararsa ita ce a ba Bond libarba ta Smith & Wesson, irin mai tulun nan da ke juyawa, saboda ba ta cika cijewa ba. Abin da ya fi burge ni a wannan ƙissa shi ne halin Fleming, domin marubucin da littattafansa suka fara karɓuwa yana iya ganin gyaran da mai karatu ya yi masa raini ne, amma shi sai ya karɓa hannu biyu, ya amsa da godiya, suka ci gaba da musayar wasiƙu, har libarbar Boothroyd ta kansa aka ara aka zana a bangon littafin From Russia, with Love na 1957. A ƙarshen wannan littafi Fleming ya shirya wa Beretta hanyar fita: bututun danne ƙara da ke bakinta ya sarƙe a ƙugun wandon Bond, bai samu zaro ta ba har wata jami'ar asirin Rasha, Rosa Klebb, ta soke shi da tsinin dafi da ke ɓoye a takalminta. Da littafin Dr No ya fito a 1958, sai ga wani Manjo Boothroyd, mai kula da makaman ma'aikata, an kira shi ya karɓe Beretta ya miƙa wa Bond Walther PPK tare da libarbar Smith & Wesson. Ta haka mai karatu ya shiga cikin littafin da yake karantawa, kuma wannan manjo shi ne daga baya ya zama Q na finafinai, matsayin da Desmond Llewelyn ya riƙe cikin finafinai 17 daga 1963 zuwa 1999. Duk da haka Fleming bai tsira daga tuntuɓe ba, gama ya haɗa Walther da kuben Berns-Martin wanda libarba aka yi wa shi, masu karatu kuma suka sake ɗaukar alƙalami.

To, mece ce Walther PPK? Maƙeran kamfanin Walther na Jamus suka fito da babbar yayarta, PP, a 1929 domin 'yan sanda masu kaki, sa'an nan bayan ɗan lokaci kaɗan suka rage mata tsawo da ƙota domin 'yan sandan ciki masu farin kaya, waɗanda ke son makamin da ba zai tona kansa a ƙarƙashin kwat ba. Tsawonta bai kai taƙi guda ba, nauyinta kaɗan ya ɗara rabin kilo, gidan harsashinta yana cin bakwai na milimita 7.65, kuma hikimar ƙirarta ita ce ana iya yawo da ita da harsashi a baki ba tare da fargaba ba, in bukata ta taso jan kunama ɗaya ya isa ya ɗana ya kuma harba. Tarihinta na zahiri ba mai daɗin ji ba ne. Da irinta Hitler ya kashe kansa a Balin a 1945, da ita kuma shugaban hukumar asirin Koriya ta Kudu ya harbe shugaban ƙasarsa, Park Chung-hee, a wajen liyafa a 1979. A 1974, lokacin da wani ya tare motar Gimbiya Anne a tsakiyar Landan da nufin sace ta, bindigar Walther da ke hannun dogarinta ta cije masa, har aka harbe shi sau uku, wanda kuwa shi ne ainihin aibin da aka kori Beretta saboda shi a cikin fim. Saboda haka masana makamai da ke cewa PPK ba ta kai yadda fim ke kambama ta ba suna da hujja. Amma ni ƙanƙantar tata ce nake ganin ta sa ta dace, domin ɗan leƙen asiri ba mayaƙin fagen fama ba ne, mutum ne da ke shiga gidan abokin gaba ta ƙofar baƙi, ya zauna ya ci abinci da shi, kuma wanda harsashinsa bakwai ne kacal tilas ya dogara ga basira da haƙuri da sanin lokacin da za a yi shiru.

Wanda ya fara tabbatar da haka a majigi shi ne Sean Connery, ɗan talakawan Edinbara, wanda ya yi rabon madara gida gida ya kuma yi aikin goge akwatin gawa kafin ya shiga wasa. Fleming da farko bai gamsu da shi ba, yana ganin ba shi da wayewar 'ya'yan manya, sai darakta Terence Young ya ɗauke shi ya kai shi wurin telansa, ya koya masa zama da tashi irin na attajiran Landan, kuma da fim ɗin Dr. No ya fito a 1962, Fleming ya sauko har ya ba Bond asali daga Sikotilan a littattafansa na baya. A farkon fim ɗin an nuna yadda shugabansa, M, ya tilasta masa ajiye Beretta da ya shekara goma yana ɗauke da ita, da yadda ya yi yunƙurin ficewa da ita a ɓoye aka ce ya bar ta a kan tebur. Masu bin diddigi sun tabbatar cewa abin da aka miƙa masa a gaban kyamara PP ce, ko da yake PPK aka ambata da baki, amma wannan bai hana a sayar da ita a gwanjo kan dala 256,000 a 2020 ba. Haka nan bindigar da ya ɗaga kusa da fuskarsa a shahararren hoton tallan fim na 1963, bindigar iska ce ta mai ɗaukar hoton, wadda aka ara don ta gaske ba ta iso ba, ita ma an sayar da ita fam 277,250 a 2010. Wannan ya nuna cewa darajar da mutane ke biya ta hannun da ya riƙe ƙarfen ce.

Akwai wuri ɗaya a Dr. No wanda duk mai son ya fahimci wannan bahasi ya kamata ya tsaya a kansa. Bond ya san za a zo kashe shi da dare, sai ya jera matasai a kan gado ya lulluɓe su kamar mutum na barci, ya koma bayan ƙofa ya zauna yana buga karta shi kaɗai. Wanda aka turo, Farfesa Dent, ya shigo ya zazzage harsashinsa cikin matasan, Bond ya sa shi ya yar da bindiga, ya zauna yana yi masa tambayoyi cikin natsuwa, yana kuma ganin yadda mutumin ke jawo bindigar da ƙafa a hankali bai hana shi ba, domin ya riga ya ƙirga harbi shida. Da Dent ya ja kunama ya ji wayam, Bond ya harbe shi, ya ƙara masa a baya bayan ya faɗi, sa'an nan ya kwance bututun danne ƙara ya hura shi. Babu gudu, babu ihu, babu kiɗa mai tayar da hankali, kuma abin da ke sa tsigar jiki ta tashi shi ne fuskar Connery, wadda ba ta nuna fushi ko nadama ba, sai ka ce ma'aikacin da ya rufe fayil. Ban ce wannan hali abin yabo ne ba, bal ma kisan wanda ba shi da sauran harsashi abin ƙyama ne a kowace shari'a, amma fim ɗin bai ɓoye wa mai kallo haƙiƙanin ma'anar izinin kisa ba, kuma wannan gaskiya ce ta ɓace a yawancin finafinan da suka biyo baya.

George Lazenby, ɗan Ostiraliya mai tallan kaya wanda bai taɓa jagorantar fim ba, sau ɗaya ya fito, a 1969, kuma abin da ake tuna shi da shi ba harbi ba ne, zaman da ya yi ne cikin mota rungume da gawar amaryarsa da aka harbe ranar ɗaurin aurensu.

Roger Moore ne ya fi kowa yawan fitowa a jere, finafinai bakwai daga 1973 zuwa 1985, kuma lamarinsa yana da ban sha'awa, gama shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ba ya son bindiga, har idanunsa kan ƙifta duk lokacin da ya ja kunama. A fim ɗinsa na farko, Live and Let Die, wani ƙato mai hannun ƙarfe ya karɓi PPK ɗinsa ya lanƙwasa ta, a ƙarshen fim kuma sai ga Bond da ƙatuwar libarba Magnum ta Smith & Wesson, irin wadda Clint Eastwood ya yi suna da ita a Dirty Harry shekara biyu kafin nan. A nan ne nake ganin masu shirya fim suka fara bin kasuwa, domin wannan makami na ɗan sandan Amurka ne mai tsoratar da ɓarayi a titi, ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin rigar liyafa, bai kuma yi kama da Moore ba ko kaɗan. Fim ɗin 1974 ya fi hikima, inda aka haɗa shi da Scaramanga, wanda Christopher Lee ya fito a matsayinsa, maharbin haya mai bindigar zinariya da ake harhaɗawa daga alƙalami da abin kunna taba da gwangwanin sigari da maɓallin hannun riga, tana cin harsashi ɗaya tak, domin mai ita yana alfaharin ba ya bukatar na biyu. Wannan bos madubi ne aka ajiye wa Bond, yana tambayarsa bambancin mai kisa don kuɗi da mai kisa don albashin gwamnati, sai dai Moore mutum ne mai fara'a da sakin fuska, nauyin tambayar bai zauna masa ba. A hannunsa bindiga ta zama kamar agogo ko sandar ado, kuma ko da yake na yarda ya faranta wa miliyoyin mutane rai, ya kuma ƙare rayuwarsa yana yi wa yaran duniya hidima a matsayin jakadan UNICEF, finafinansa sun koya wa mai kallo ya ga an kashe rai ya yi dariya, wannan kuwa ba ƙaramin aibi ba ne. A 1983 an yi wani abin lura: Moore a Octopussy da Connery da ya dawo a wani fim na kamfanin hamayya, dukansu biyu sabuwar Walther P5 suka riƙe, wanda ke nuna cewa a lokacin jarumin ya riga ya zama allon talla ga maƙera.

Timothy Dalton, wanda ya taso a dandalin wasannin Shakespeare, ya koma ga littattafan Fleming ya karanta su kamar ɗalibi, ya fito da Bond mai ɗaurarriyar fuska wanda aikinsa ya ishe shi. A The Living Daylights na 1987 an ba shi doguwar bindiga ya harbe wani maharbi, da ya duba ya ga mace ce wadda ko riƙon bindiga ba ta iya ba, sai ya harbi makamin da ke hannunta ya bar ta da rai, ya ɗauki alhakin saɓa umarni. A Licence to Kill na 1989 an soke izininsa aka ce ya miƙa bindigarsa, ya ƙi, ya tsere don ɗaukar fansar abokinsa, daga ƙarshe ma da abin kunna taba ya halaka abokin gabarsa. Jama'ar wancan zamani, da yake sun saba da barkwancin Moore, ba su karɓe shi yadda ya cancanta ba, finafinai biyu kawai ya yi, amma a wurina shi ne ya fi kusa da mutumin da ke cikin littafi, wanda ke kisa yana kuma jin ɗacin abin a maƙogwaronsa.

Zamanin Pierce Brosnan, daga 1995 zuwa 2002, shi ne zamanin da harsashi ya yi arha. A Tomorrow Never Dies na 1997 aka ajiye PPK aka ɗauki Walther P99, babba mai jikin roba mai tauri, mai harsashin milimita 9 wanda yawansa ya ninka na tsohuwar, ga kuma bindigogi masu sarrafa kansu da jarumin ke feshi da su hannu bibbiyu. Brosnan yana da kyan tsayuwa da iya sa kaya, amma wanda ke da harsashi ba adadi ba ya bukatar ƙirga harbin abokin gaba, kuma da ƙirgar ta tafi, basirar ta bi ta. Abin da ke ƙara mini nauyin wannan shi ne cewa a shekarar 1997 ɗin nan ce majalisar Birtaniya ta haramta wa jama'a mallakar yawancin ƙananan bindigogi, bayan wani ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane a 1996 ya kashe yara 16 da malamarsu, kuma Connery kansa ya ba da muryarsa ga masu fafutukar a yi wannan doka. Ƙasar tana zaman makoki saboda ƙaramar bindiga, jaruminta na majigi kuwa yana neman wadda ta fi girma.

Daniel Craig ya fara da P99 a Casino Royale na 2006, amma tun daga buɗewar fim ɗin aka ga an sake niyya, domin an nuna kisansa na farko a makewayi, da dambe da shaƙa da numfashi sama sama, aka kuma nuna shi daga baya tsaye gaban madubi yana wanke jini, yana duban fuskarsa kamar bai san mai ita ba. A 2008 aka mayar masa da PPK, sa'an nan a Skyfall na 2012 wani saurayin Q ya same shi a gidan adana zane-zane na Landan, gaban hoton tsohon jirgin yaƙi da ake ja zuwa inda za a farfasa shi, ya miƙa masa PPK/S wadda ba ta tashi sai a tafin hannun mai ita. Ita wannan PPK/S asalinta dokar Amurka ce ta 1968, wadda ta hana shigo da bindigogin da suka cika ƙanƙanta, sai maƙeran suka ɗora saman PPK a kan ƙotar PP don ta cika sharaɗi. A fim ɗin an nuna Bond ya tsufa, hannunsa na rawa, ya faɗi jarrabawar saiti, kuma da wuƙa ya gama da abokin gabarsa a wata tsohuwar majami'a kusa da gidan iyayensa. Craig ya ɗauki hanyar da Dalton ya share, ya kuwa samu zamanin da ya shirya karɓarta, ko da yake wani lokaci baƙin cikin yakan yi yawa har a manta cewa mutumin nan ɗan leƙen asiri ne da ya kamata ya iya murmushi a gaban maƙiyi. A fim ɗinsa na biyar, a 2021, aka kashe jarumin, abin da ba a taɓa yi ba cikin finafinai 25.

Yanzu ragamar ta bar hannun iyalin Broccoli, waɗanda suka riƙe ta tun 1962, ta koma ga kamfanin Amazon a farkon 2025, kuma kamfani mai tarin dukiya irin wannan ba zai rasa masu ba shi shawarar a ƙara girman makami da yawan fashe-fashe ba. Hukuncina bayan wannan dogon bibiya shi ne Connery ya fi kowa iya riƙon bindigar, Dalton ya fi kowa sanin nauyinta, Craig ya zo na uku don ya haɗa rabin wannan da rabin wancan, sauran ukun kuwa suna biye. Roƙona ga masu shirya fim na gaba shi ne su bar wa jarumin ƙaramar Walther ɗinsa mai harsashi bakwai, su kuma nemo ɗan wasan da in ya harba ta, mai kallo zai gane daga fuskarsa cewa rai aka ɗauka.